Da a ce Newton da Leibniz suna Facebook

Malamin Kimiyya, Gombe: Assalamu alaikum. Jiya na wallafa bayani a kan kusufin wata, yau na tarar wani ya kwashe shi kaf ya sa sunansa, kuma abin ya ɓata mini rai. Da a ce akwai Facebook a zamanin Newton, masanin kimiyya ɗan Ingila, da tun asuba ya rubuta cewa Leibniz, masanin lissafi ɗan Jamus, ɓarawo ne da ya sace masa kalkulas (wani reshe na lissafi), ya ɗora hoton takardunsa na 1666, sannan ya toshe shi.

Malamin Lissafi, Bauchi: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar ɓarawo. Leibniz ya buga aikinsa a 1684, lokacin da Newton bai fitar da nasa ba, kuma alamomin kalkulas da muke koyarwa har yau na Leibniz ne. Rahoton 1712 da ya ba Newton gaskiya ya fito ne daga ƙungiyar masana ta Landan wadda Newton ɗin kansa ke shugabanta, kuma shi ya rubuta shi bai sa sunansa ba. A yau da mun ce ya buɗe shafin bogi yana yabon kansa.

Hajiya, Jekadafari: Ɓarawo kalma ce mai nauyi, ba a jifan mutum da ita sai da shaidu, balle wanda ya mutu tun 1716.

Malamin Kimiyya: Hajiya, ba ni na faɗa ba, Newton na sa wa a baki.

Malamin Lissafi: Wanda ya ari bakin wani ya ci masa albasa, warin a bakin wa yake?

Ɗalibi, Tumfure: Malam, da girmamawa, ku mutanen Bauchi ba ku taɓa bari ɗan Gombe ya yi magana ta zauna ba, tun da aka ba mu jiharmu a 1996.

Baba, Wunti: Yaro, ka iya bakinka. Kakanninka a Bauchi suka karɓi albashi.

Hajiya: Baba, ai da harajin audugar Gombe aka biya su.

Shugaban zaure: Na rufe wannan magana. Abin da na fahimta shi ne Newton ya riga Leibniz gano kalkulas, kamar yadda Malamin Kimiyya, wanda ya koyar da ni, ya bayyana, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe hakan. Baba kuma ya goge maganar albashi kafin magariba.