Dayarin matan Amurka na ƙarni na 19: shaida ce ko labarin masu hali?

Malam Sani: Jama'a, ni ban yarda a ɗauki dayarin matan nan a matsayin madubin rayuwar Amurka ba. Ku dubi Mary Chesnut ta Karolina ta Kudu. Ta yi rubutu lokacin yaƙin basasa, 1861 zuwa 1865, sannan ta zauna a shekarun 1880 ta sake tsara shi, bayan ta riga ta san wanda ya ci yaƙin. Wannan ai ba shaidar gani da ido ba ce kuma.

Hajiya Binta: Malam, a yi mata adalci. Rubutunta na asali bai ɓace duka ba, kuma masanin tarihi C. Vann Woodward ya auna shi da gyararren a bugun 1981. Maganarta mafi zafi tun 1861 ta rubuta ta: 'ya'yan kuyangi a gidajen masu bayi kamarsu ɗaya da 'ya'yan maigida, kowace uwargida ta san uban na gidan maƙwabta, na gidanta ne kawai ba ta gani. Mijinta fa tsohon sanata ne, daga baya hadimin Jefferson Davis, shugaban jihohin Kudu da suka ɓalle. Wace takardar gwamnati ce za ta faɗi wannan?

Auwal: Hajiya, abin da ya fi damuna daban ne. Kuyangar da ake magana a kanta, ina nata dayarin? A ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4, jihohi irin su Karolina ta Arewa kuwa sun haramta koya musu karatu da rubutu. Uwargida ce ke riƙe da alƙalami.

Hajiya Binta: Nan kam ka yi gaskiya, ɗana. Akwai Charlotte Forten, baƙar fata 'yar Filadelfiya, wadda ta je tsibirin St. Helena na Karolina ta Kudu a 1862 tana koyar da 'yantattun bayi, ta kuma rubuta abin da ta gani. Amma ita 'yantacciya aka haife ta, gidansu masu hali ne. Ba ta cike wannan gurbin ba.

Malam Sani: Ko fararen ma ɓoyo suke yi. Amelia Knight ta tashi daga Ayowa zuwa Oregon a 1853, watanni tana rubuta batun ruwa da shanu da hanya, ba ta taɓa ambata cewa tana da juna biyu ba. Sai a ƙarshen tafiya ta ce ta haifi na takwas.

Anti Rabi: Malam, wannan shirun ne ya fi taɓa ni. Iyayenmu ma kunya ba ta barin su faɗi ciki da bakinsu. Mace da tsohon ciki, ga yara bakwai, tana girki tana wanki a bakin keken shanu, kuma ba ta ga abin rubutawa a ciki ba. Da ba ta riƙe dayarin ba, ta ina za mu san da ciki ta ƙetare duwatsun hanyar Oregon?