Abin da kuka tsinto: kuna rufe shi da fenti ko kuna barin sa da tsatsarsa?

Tsintau:
Salamu alaikum 'yan'uwa masu zane da tsince-tsince. Wata uku ke nan ina ajiye da wani tsohon kwaɗo da makulli ya karye a cikinsa, da ɓarin ƙyauren taga. Na san a allo ɗaya za su zauna, amma duk sanda na ɗauki buroshi sai jikina ya yi sanyi. In na shafa fenti, tsatsar da ta sa na sunkuya na ɗauko su za ta ɓace. In na bar su haka, sai in ga kamar bola na rataya a bango. Ku da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Malam Buroshi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni rufewa nake yi, kuma da launi ɗaya. Na taɓa haɗa ƙafafun kujera, guntun tsani da aljihun tebur, kowanne da kalarsa, sai ido ya rasa inda zai tsaya. Masu kallo ba aikin suke gani ba, ƙirga kaya suke yi: ga kujera, ga tsani. Ranar da na bi su duka da baƙin fenti, sai siffa da inuwa suka fito. Wajen Louise Nevelson na ga dabarar, wadda ta riƙa tsintar katakai a titunan New York tana jera su cikin akwatuna, ta shafe su baƙi ƙirin, kamar aikinta Sky Cathedral na 1958. Sai dai ka wanke kayan tukuna, ka goge maiƙo da ƙura. Fenti ba ya kama datti, ɓarewa zai yi.

Mai Jan Waya:
Malam, a gafarce ni, ban bi ka a nan ba. Itace ka ke magana a kai, shi kuwa ƙarfe ne a hannunsa. Ni da gwangwanaye da murafun kwalba nake aiki, kuma launin da rana ta ƙoɗar ba a samun sa a cikin kowane gwangwanin fenti. Dubi El Anatsui, mai zane ɗan Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Murafun kwalaben barasa ake bajewa a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe har su zama kamar ƙaton mayafi. Ja da ruwan gwal ɗin da ke walƙiya a jiki na murafun ne tun asali. El Anatsui ya kai ga karɓar kyautar Zakin Zinariya a babban baje kolin zane-zane na birnin Venice a 2015.

Abin da ya ba ni wahala ma ba launi ba ne, haɗawa ce. Aikina na farko da gam ɗin narkawa na liƙa shi. Zafi na tasowa na shigo ɗaki na tarar da rabinsa a ƙasa. Tun ranar, waya da ƙusa, kuma a kan allon katako, don yadin zane ba ya ɗaukar nauyi, lotsawa yake yi.

Ɗan Juji:
Yaya Mai Jan Waya ta faɗi gaskiya, amma tsatsa ba ta tsayawa don an rataye ta. Na bar wata sarƙa haka nan a kan farin allo, bayan shekara guda ta zubo da jan zane har ƙasa. Haushi ya kama ni, daga baya na ga zanen ya fi sarƙar kyau, na bar shi. Yanzu in ba na son hakan, sai in karkaɗe ɓawon da buroshin waya in shafa man kariya marar launi, kodayake yana ɗan duhunta tsatsar. Katakon kuma ka duba ƙananan ramuka da gari-gari. Na taɓa shigo da ƙwari ɗaki da hannuna, suka ci firam biyu.

Malam Buroshi:
Akwai tsaka-tsaki kuma. Robert Rauschenberg, mai zane ɗan Amurka, a 1955 ya rataye bargo da filo, ya zuba fenti a sama, ƙasan bargon ya bar shi yadda yake.

Hajiya Almakashi:
Ɗana, kafin fenti, ka juya kayan tukuna. Shahararren mai zane Picasso a 1942 sirdin keke da ƙahonsa kawai ya haɗa, kan bijimi ya fito. Ni nakan baje nawa a ƙasa kwana da kwanaki, in wuce in matsar da ɗaya. Sau da yawa in zaman bai yi daidai ba ne hannu ke neman buroshi.

Tsintau:
Na gode ƙwarai. Hajiya, na juya ƙyauren ya kwanta, sai ga tsohon shuɗin fenti a bayansa wanda ban taɓa lura da shi ba. Kwaɗon na ɗaure shi da waya a gefen shuɗin, ban taɓa tsatsarsa ba. Allon baya kaɗai na shafa wa fari. Ɗan Juji, akwai ramuka uku a ƙasan katakon. Ta yaya zan gane ko ƙwarin na ciki har yanzu?