Wace kalma za mu sa wa ME/CFS da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum. Muna shirya bayani na rediyo don ranar 12 ga Mayu, ranar wayar da kai kan cutar da likitoci ke kira ME/CFS, wadda ke rage wa mutum ƙarfin jiki na dogon lokaci. Na rubuta "ciwon gajiya mai daɗewa". Likita, ya ka gani?

Likita: Malam, gajiya kalmar gaisuwa ce a wurinmu. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." Mai sauraro zai ce a ba shi maganin ƙarin jini ya kwanta. Alhali tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ma'aunin gane cutar da Amurka ta fitar a 2015 ya ce sai an kai wata 6 ƙarfi ya ragu sosai, barci ba ya wartsakarwa, kuma jiki na rushewa bayan motsi kaɗan, sannan ko dai tunani ya yi nauyi ko tsayuwa ta gagara. Kafin a ambace ta a Kano, dole a duba zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka, ciwon hanta da maƙoƙo.

Malamar gashin ƙashi: A cire kasala da mutuwar jiki tun yanzu, da su ake zagin rago. Ni "galabaita" ta fi kwanta mini, don ba mai galabaita da gangan. Amma abin da ya fi buƙatar suna shi ne rushewar nan. Mace ta shiga adaidaita zuwa Kantin Kwari ranar Asabar, ta dawo lafiya lau, sai Lahadi da yamma ko Litinin ta kasa ɗaga kofi. Yakan zo bayan awa 12 zuwa 48, shi ya sa dangi ba sa haɗa shi da fitar. Ina ba da shawarar "bashin jiki".

Likita: Ya yi, Hajiya. Dabarar kauce masa kuma a kira ta "tattalin ƙarfi": a rubuta ayyukan kowace rana da yadda jiki ya kasance har mako 2 don a gano iyaka, a raba aiki gida uku da hutu a tsakani, a yi wanka da alwala a kan kujera, a tsaya tun ba a ji nauyi ba. Kada a ce "ki daure ki riƙa ƙara motsa jiki". Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta janye wannan shawarar a 2021.

Barista: Sunan na da amfani a takarda. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Amma idon ma'aikaci sanda da keken guragu yake nema. Wasiƙar likita ta faɗi abin da mutum ba ya iyawa: tsayuwa a layi, hawa bene, cikakken wunin aiki.

Mai fassara: To na ɗauka: ciwon galabaita mai daɗewa, bashin jiki, tattalin ƙarfi. Zan bar ME/CFS sau ɗaya a farkon shirin saboda masu zuwa asibitin Malam Aminu Kano da takarda a hannu.