Rumfar tsire a Balad da azumi: in shiga ko in haƙura?

Mai Tsiren Sabil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Shekarata 19 ina gasa tsire a Jidda, wanda mutanen nan ke ce wa siriya. A unguwar Sabil nake zaune har rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya iso kanmu, na kwashi iyali muka koma can kudancin gari, masu sayen tsirena kuma kowa ya kama gabansa.

Azumin bara na kai yara Balad, tsohon garin Jidda, bayan tarawihi, wallahi da ƙyar na gane wurin. Lungunan da muke gudun bi da dare saboda duhu sun sha fitilu, daga Bab Makka har kasuwar Alawi ba masaka tsinke, ga masu balila (dafaffen waken Larabawa), ga masu kibda (soyayyar hanta), ga masu sobiya (abin sha mai sanyi). Tun daga ranar babban ɗana ya matsa mini in nemi rumfa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan cikar tana wuce Sallah kuwa? Kuma akwai wanda ya ga ɗan uwanmu da bukukuwan da ake shiryawa a Balad suka ɗaga?

Kafintan Rawashin:
Wa alaikumus salam Baba. Ni dai sun ɗaga ni. Da ƙofofin kicin nake yi, yau shekara huɗu ke nan ina gyaran rawashin, tagogin katakon nan masu sassaƙa. UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya tun 2014, amma gidaje ba su fasa zubewa ba. A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56, a shekarar ne kuma aka fara Mausim Jidda, bikin shaƙatawa na gari, sai bikin fina-finan Bahar Maliya na farko ya sauka a Balad a Disambar 2021. Wurin da za a kawo baƙi ba a barinsa da tsagaggen bango. Kuma aikin ba na wata ɗaya ba ne: da dutsen murjani aka gina gidajen, gishiri da laima na cinsa, siminti kuma ƙara masa ciwo yake, sai dai farar ƙasa da haƙuri.

Amma ba zan rufe ka ba, Baba. Bayan Sallah, in zafi ya kama, ƙafa tana ɗaukewa sosai. Ka yi lissafinka a kan kwana 30.

Hajiya 'Yar Hindawiyya:
Ɗana kafinta, Allah ya yi wa sana'a albarka, amma bango ka ba mu labari. Kakannina a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka ratsa Sudan, suka haye teku ta Sawakin. Mahaifiyata ta ga ganuwar Jidda kafin a rushe ta a 1947. Da arziki ya zo, masu manyan gidajen Balad suka yi arewacin gari suka bar su. Su wa suka zauna a ciki, suna share ƙofa, suna cika sahu a masallacin Shafi'i? Talakawa ne, Yamalawa da Somaliyawa da mu. Yanzu an gyara, ana biya ana shiga kallo, waɗanda suka yi jiran gidan kuma haya ta fi ƙarfinsu.

Da, kafin mu warwatse, in an yi haihuwa a unguwarmu Hindawiyya, kafin azahar kowa ya ji, kunun kanwa ya zaga gida-gida. Watan jiya wata ƙawata ta rasu, sai bayan kwana uku labari ya same ni. Wannan ba fitilar da za ta gyara shi, kuma har yanzu yana yi mini ciwo.

Duk da haka, Malam, ka karɓi rumfar. In ba ka tsaya ba wani zai tsaya ya sayar da siriya bai san daga inda ta fito ba. Ka sa a rubuta "tsire" a jikin allon, kusa da Larabcin. Sai dai ka bi ta ƙofa: lasisin baladiyya, wato hukumar gari, shahadar lafiya ta masu abinci, igama, wato takardar zama, mai rai. Kada ka fake da sunan wani, hukuncinsa ba wasa ba ne.

Direba a Riyad:
Hajiya ta gama magana. Mu nan Mausim Riyad tun 2019 ake yi, muna samun fasinja ba laifi, amma can arewa ake shagalin, Manfuha da Batha inda muke kwana ba su san ana yi ba. Ku naku a tsakiyar tsohon gari yake, kusa da mutane. Ka gwada shekara ɗaya, Baba.

Mai Tsiren Sabil:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Hajiya, Allah ya jiƙan ƙawarki, ya sa ta huta. Kafinta, ranar Asabar bayan la'asar zan zo da yaron, mu haɗu a ƙofar Baitu Nasif, tsohon gidan tarihin nan na Balad, ka nuna mini lungun da ya fi samun ƙafa, da inda hayaƙin gawayi ba zai dami katakonku ba.