Ina haɗa album ɗin funk-rock ni kaɗai, kiɗan ya ƙi tashi

Mai_jita: Salam 'yan uwa, a ɗakina nan unguwar Zariya ta Maraɗi nake aikin, jita da bas duk ni ke kaɗawa, ganga kuma da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, amma in na saurara sai in ji abin lami, mi ne ne matsalar?

Tsohon_makaɗi: Ƙanena funk ai ganga da bas ne, su haɗu daram kan bugun farko, jita daga baya take shigowa gajere-gajere. Gangar kwamfuta ta cika daidaito, nemo mai kalangu ya ɗora maka da hannu.

Ɗan_Bagalam: Hhh ni sai ƙarfe 2 na dare nake ɗaukar murya, 'yan kabu-kabu sun kwanta, katifa jingine a ƙofa. Ka kai waƙoƙin BNDA, ofishin kare haƙƙin mallakar fasaha na Nijar, kafin su zaga WhatsApp.