"Alwalata ta yi kuwa?": A amsa wa mai waswasi ko a ƙyale shi?

Daga zauren iyaye da malaman Islamiyya na Garwa

Hajiya Asabe (ma'aikaciyar jinya): Salamu alaikum. Saurayi ko budurwar da ke tambayar "alwalata ta yi kuwa?" sau goma a yini, duk mai ce masa "ta yi" ƙara masa cutar yake yi. Cutar waswasi ce, ta tunani mai naci da maimaita abu, wadda likitoci ke rubutawa TOC (OCD da Ingilishi) a takardar asibiti, kuma galibi kafin shekara 25 take kama mutum. Alamarta, abin ya ci fiye da awa ɗaya kullum, ko ya hana karatu da barci.

Malam Bappa: Wa alaikis salam. Hajiya, ban yarda ba. Yaro ya zo neman hukuncin addini a rufe masa baki? Ɓoye ilimi ba ƙaramin laifi ba ne. In mu ba mu amsa ba, waya zai buɗe ya faɗa hannun wanda bai san hannunsa na dama ba.

Hajiya Asabe: Allah gafarta Malam, tambaya ta farko ta neman ilimi ce, a amsa ta sarai. Ta goma kuwa ya riga ya san amsarta, sauƙin ƙirji yake nema. Tunani ya faɗo masa cewa bai wanke gwiwar hannu ba, gaba ya faɗi, ya tambaya, a ce ta yi, hankali ya kwanta na 'yan mintuna. Sai ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa tambayar ce ta cece shi. Gobe shakkar ta dawo da ƙarfi, amsa ɗaya ba za ta ishe shi ba.

Malam Sa'idu (Marwa): Malam Bappa, ai abin yana cikin littattafan da muke biya wa yara. Ahalari ya ce mai waswasi ya bar waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi ba'adiyya kawai. Risala ma ta yi maganar wanda shakka ta aure shi, wato ta yi masa yawa. Ga hadisin mai jin kamar alwalarsa ta karye: kada ya juya sai ya ji ƙara ko wari. Malamai ba su ce a riƙa tabbatar masa ba, cewa suka yi ya wuce.

Yaya Habiba: A takarda da sauƙi. A gida kuwa in uwa ta ƙi amsawa, yarinya kuka take, wani yaron har ya fasa buta. Wa zai iya kallon wannan?

Hajiya Asabe: Gaskiya ne, shi ya sa ba a yankewa rana ɗaya. A zauna da shi lokacin da hankalinsa ke kwance, a rubuta duk abin da ke tayar masa da shakka, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. A fara da mai 3 ko 4. Misali rabin buta, alwala ɗaya, ya tashi daga wurin. Fargaba za ta hau, a bar ta. Da maimaici kullum ƙarfinta yake raguwa. Tambaya kuma a rage ta da yarjejeniya: biyar a yini wannan mako, uku mako mai zuwa. In ya wuce adadi, uwa ta ce, "Na san kana shan wahala, amma mun yi alkawari ba zan amsa wa waswasi ba." Inda ake faɗuwa: a fara da mai maki 9, ko uwa ta daina amma kaka ta ci gaba, ko yaro ya bar maimaita wanki ya koma maimaita niyya a zuci. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓuya. A hannun ƙwararre aikin kan ɗauki zama 12 zuwa 20.

Alhaji Umaru (mai farmasi): In ya yi tsanani likita kan haɗa da maganin fluoxetine ko sertraline. Iyaye na jefar da shi bayan mako biyu wai bai yi ba, alhali sai an ba shi mako 8 zuwa 12. In ya karɓa a ci gaba aƙalla shekara, kuma ba a tsayar da shi farat ɗaya. A makonnin farko a sa ido. Yaro ya ambaci kashe kansa, a koma asibiti ranar. Diazepam ɗin 'yan tebur ba ya maganin wannan, sabo kawai yake jawowa.

Malam Bappa: To ruƙiya fa, an soke ta ke nan?

Malam Sa'idu: Wa ya isa? A yi addu'a, a yi azkar. Amma in ya ce sai ya sake Falaƙi da Nasi don bai tabbata harafin ya fita daidai ba, waswasin ne ya bi shi can.

Malam Bappa: Ni dai ba zan kori mai tambaya ba. Zan amsa sau ɗaya, in rubuta masa a takarda ya riƙe.

Hajiya Asabe: Sau ɗayan mun yarda, Malam. Takardar ce a'a. Zai riƙa zaro ta daga aljihu bayan kowace alwala.