Ina neman shawara: da naira 120,000 wane kayan dafa burukutu zan fara saya?

Maman Godiya:
Salama 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina zaune a Bukuru da yara huɗu. Maigidana ya faɗi da babur bara, ƙafar har yau ba ta koma daidai ba, komai ya dawo kaina. Surukata, Allah ya ji ƙanta, burukutu ta dafa sama da shekara 30, da shi ta yi wa 'ya'yanta makaranta. Shekara shida ina gindinta: ni ke jiƙa dawa, ni ke juya tsiro, ni ke kwana bakin murhu. Da ta rasu, ƙanwar maigidana ta zo da mota ta kwashe randuna biyar da babbar tukunya, wai gadon uwarta ne. Ban ce uffan ba. Muciya ɗaya da ƙore uku ta bar mini, ɗayan ma a tsage.

Yanzu na kwashi adashi, naira 120,000. Na riga na sayi gangar ƙarfe, an raba mini ita biyu. Da sauran kuɗin me zan fara? Randa ko gangar roba? In sayi tukunyar alminiyom ta 'yan ƙira? Ina so in fara kafin Kirsimeti.

Yaya Rifkatu:
Sannu ƙanwata, Allah ya ba mai jiki lafiya. Amma ba ki faɗi mudu nawa za ki riƙa dafawa ba, kuma gidan naku ne ko haya? Gangar kuma, me aka zuba a cikinta a da?

Baba Injiniya:
'Yata, ki saurare ni da kyau, shekara 19 na yi a kamfanin giya. Tun 1988 da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir kamfanoni suka koma dawa, a gabana aka yi, don haka na san dawa ciki da waje. Wannan ganga ki ajiye ta. Burukutu abu ne mai tsami, tsami kuma yana cin baƙin ƙarfe. Tsatsar da yake ci cikin ƙwaryar mai sha take ƙarewa, ta taru a hanta shekara da shekaru. Tukunyar 'yan ƙira kuwa daga tarkacen injin mota da gwangwani ake narka ta, wata akwai dalma a ciki, kin kuwa ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Ki nemi tukunyar ƙarfe mara tsatsa ko da ta hannu ce, mai lita 50, da ma'aunin zafi, da gangar roba wadda abinci kawai aka taɓa zubawa a ciki. Sauran duk ɓata kuɗi ne.

Maman Godiya:
Baba na gode, amma gangar mai sayarwa ya rantse mini man gyaɗa ne a ciki. Na ƙona ta da wuta, na wanke da toka sau uku. Duk matan Kugiya, inda ake dafa burukutu a nan Bukuru, da ganga suke dafawa. Tukunyar da kake faɗa na tambaya, kuɗinta kaɗai ya kusa cinye abin da ke hannuna, sai in sayi dawa da me?

Kaka Saratu:
Ma'aunin zafi? Yatsana ne ma'auni tun kafin a haifi wasunku. Jikata ke rubuta mini wannan. Ke dai nemi randar ƙasa biyu, ki ƙwanƙwasa da ɗan yatsa a kasuwa: in ta yi ƙara tas, ta gasu, in ta yi bus, akwai tsaga, ki bar ta. Sabuwar randa sai an cika ta da ruwa ta kwana biyu ta sha ta ƙoshi. Kuma ki roƙi wata tsohuwar mai dafawa ta sam miki ɗan guntun na ƙasan randarta ki zuba a naki, shi ke tayar da shi. Roba ba ta ba da ɗanɗano, mashaya sun sani tun kurɓin farko.

Baba Injiniya:
Mama, ina girmama ki, amma yatsa ba ya faɗin digiri. Abin da ke juya garin tsiro ya koma zaƙi yana aiki ne tsakanin digiri 60 da 70, ya wuce nan ya mutu. Ita kuma dawa sai ta sha zafi fiye da haka kafin garinta ya nuna. Shi ya sa kuke dama gari, ku bari ya kwanta, ku tsiyaye ruwan da ya tsaya a kai ku ajiye, ku tafasa na ƙasan, sannan ku mayar ku haɗa. Dabarar daidai ce, amma in aka haɗa da zafi ya yi yawa an kashe aikin, dawa ta tafi a banza. Shi ya sa na ce ki nemi ma'auni. Kuma ki murje saiwa da kan tsiron bayan ya bushe ki sheƙe, tsiron dawa yana da guba irin ta ɗanyen rogo.

Talatu:
Ni kayan ba su ne damuwata ba, bashi ne. Shekara biyu na yi wannan sana'a. Mutum ya zauna tun hantsi ya sha ƙwarya huɗu ya ce sai ƙarshen wata. Akwai wanda har yau ina binsa 9,000, ya gan ni a hanya ya sauya layi. Ga shi abin ba ya ajiyuwa, kwana biyu uku ya koma tsami, sai zubarwa. Dusar da nake sayar wa masu aladu ce kawai ba ta taɓa ba ni kunya ba. Itace kuma ku daina tambaya.

Yaya Rifkatu:
Abin da nake gudu ke nan. Ki yi tunanin kunun zaki mana. Dawa ɗaya ce, tsiro ɗaya, mataci ɗaya, kuma kowa zai saya, Kirista da Musulmi, babu mai yi miki magana a coci, babu mashayi a ƙofar gida yara suna kallo. Har yanzu ba ki ce ko haya kuke ba.

Maman Godiya:
Yaya, a layinmu kaɗai masu kunu bakwai ne, kuma ba ni da firiji. Abin da na iya shi zan yi. Maganar coci na riga na yi da maigidana, mun gama. Ni kaya na tambaya.

Ɗan Pankshin:
Anti, kar ki sayi injin niƙa ko da wani ya ce miki, ki kai wa masu markaɗe. Kuɗinki ya tafi kan buhun jar dawa, randa biyu, yadin tata, da buhunan algarara na shimfiɗa tsiro. Ki tuna sanyin Disamba a Filato: tsiron da ke fitowa a kwana uku zai kai biyar, tashin ma yakan yi nawa. Ki ajiye randa a ɗaki, ki lulluɓe da bargo.

Baba Injiniya:
Randa tana fashewa, tana kuma riƙe datti a ramukanta. Gangar roba ta abinci, ita ce magana. Na faɗa, na sake faɗa.

Kaka Saratu:
Abin da kake kira datti shi ne burukutun.

Maman Godiya:
Yanzu kaina ya ƙara ɗaurewa. Gangar dai ba zan yar ba, 18,000 na biya. Gobe zan shiga kasuwa in ga farashin randa. Baba, ma'aunin nan a ina ake samu, kantin magani ko wajen masu kayan kek?

Talatu:
In kin fara, ki rubuta a bango da gawayi: ba bashi. Ni ban rubuta ba.